Yadda ake tsara manhajar da mai shago zai riƙe ba tare da an koya masa ba

A watannin farko na shekarar 2023, lokacin da takardun naira suka yi wuyar samu, mutane da yawa da ba su taɓa tura kuɗi ta waya ba sun koya a kan dole. A cikin kwanakin ne na tsaya kusa da wani dattijo mai sayar da hatsi yana ƙoƙarin biyan wanda ya kawo masa kaya. Ya danna maɓallin turawa, wani ɗan zobe ya shiga juyawa a allon wayar. Ba a ce masa kuɗi sun tafi ba, ba a ce ba su tafi ba. Ya jira, ya gaji, ya sake dannawa. Kuɗin suka fita sau biyu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ya ɗora wa kansa laifi, yana cewa shi dama kayan zamanin nan sun fi ƙarfinsa. Alhali laifin yana wuyan wanda ya tsara manhajar, wanda ya bar mutum cikin duhu a daidai lokacin da dukiyarsa ke hanya.

Masu wannan sana'a suna raba ta gida biyu. Akwai abin da suke kira UI, wato fuskar manhaja: maɓallai, launuka, rubutu da yadda aka jera su. Akwai kuma UX, wato duk abin da mutum ya gamu da shi tun daga buɗe manhajar har biyan buƙatarsa, daɗi ko wahala. Don Norman ne ya yaɗa wannan suna na biyu sa'ad da yake aiki a kamfanin Apple a shekarun 1990. Shago mai fenti da kwalliya wanda sai ka yi rabin awa kafin a sallame ka, fuskarsa ta yi kyau amma hulɗa da shi ba daɗi. Don jagorar nan ta tsaya da ƙafafunta, zan bi misali guda daga farko har ƙarshe: manhajar da mai shago zai riƙa rubuta bashin da yake bin mutane.

Mataki na farko: je ka zauna a shagon

Kada ka buɗe kwamfuta tukuna. Nemi masu shago uku ko huɗu, ka roƙi su bar ka ka zauna gefe na 'yan sa'o'i. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma abin da za ka gani a zama ɗaya ya fi abin da za ka ƙirƙiro a ofis cikin wata guda.

Ka buɗe littafin bashinsu idan sun yarda. Za ka tarar ba a rubuta cikakken suna da na mahaifi. “Mai goro”, “matar tela”, “malamin Islamiyya”, haka ake rubutawa. Za ka ga ba a biyan bashi lokaci guda, yau a kawo dubu biyu, jibi a ƙaro sabulu da taliya. Za ka ga wayar ba ta mutum ɗaya ba ce, yaron shago ma yana riƙe ta idan maigida ya tafi masallaci. Wayar kanta mai yiwuwa Tecno ce ko Itel mai ƙaramin ƙarfi, gilashinta ya tsage, wurin ajiyarta ya cika da hotuna, an rage haskenta don caji ya kai yamma. Hannu ɗaya yana riƙe da ita, ɗayan yana miƙa canji. Wannan shi ne mutumin da kake yi wa aiki, a wannan yanayi.

Wurin tambaya akwai tarko. Idan ka ce wa mutum “za ka so manhajar da za ta yi kaza?”, kara ba za ta bar shi ya ce maka a'a ba. Zai ce ai abu ya yi kyau, Allah ya sa albarka, ka tafi da murna ba ka samu komai ba. Ka tambayi abin da ya riga ya faru: “Alhaji, nuna mini bashin ƙarshe da ka rubuta. Yaushe aka taɓa samun saɓani tsakaninka da mai bashi? Yaya kuka ƙare?” Amsar irin waɗannan tambayoyi ba ta ɗauke da kunya, labari ne kawai zai ba ka.

Mataki na biyu: fitar da aiki guda

Bayan ka dawo, rubuta jimla ɗaya a takarda: mutumin nan yana so ya rubuta sabon bashi kafin mai saye na gaba ya ƙosa. Duk abin da za ka saka a shafin farko sai ya yi wa wannan jimla hidima. Jadawalin riba, lissafin kayan da suka rage, tallan wasu ayyuka, duka su koma ciki ko su jira wani lokaci. Taura biyu ba ta taunuwa.

Akwai binciken da ya tabbatar da wannan tun 1952, wanda ake kira dokar Hick: gwargwadon yawan zaɓin da ke gaban mutum, gwargwadon daɗewarsa kafin ya yanke shawara. Shafin farko na manhajarmu bai buƙatar fiye da jerin masu bashi, wurin bincike a sama, da babban maɓalli guda na “Sabon bashi”.

Kada kuma ka ƙirƙiro sabuwar hanya inda tsohuwa ke aiki. Mai shagon nan ya fi daɗewa a WhatsApp fiye da yadda zai taɓa daɗewa a manhajarka. Ya saba da jerin sunaye daga sama zuwa ƙasa, ya danna suna ya ga abin da ke tsakaninsu, kibiyar komawa baya tana sama ta hagu. Idan ka jera masu bashi kamar jerin hira, kowane mutum da tarihin karɓa da biyansa a ciki, ka rage masa rabin karatu.

Mataki na uku: zana da biro

Yanki takardu daidai girman waya, kowace takarda shafi guda. Zana hanyar da mutum zai bi daga buɗewa zuwa ajiye bashi, ka ƙirga dannawa nawa ce. Idan ta wuce huɗu ko biyar, duba abin da za a cire. Figma, wato manhajar zana fuskar manhaja a kwamfuta, da ire-irenta suna da amfani, amma sai daga baya. Zanen da ka ɓata kwana uku kana yi wa ado, zuciyarka ba za ta yarda ka yar da shi ba ko da ya gaza. Takarda kuwa yagewa za ka yi ka sake.

Mataki na huɗu: girma, wuri da launi

A 1954 Paul Fitts ya nuna cewa lokacin da hannu ke ɗauka kafin ya kai ga abu ya danganta da nisan abin da girmansa. Shi ya sa Apple ke ba da shawarar kada wurin dannawa ya gaza 44 tsawo da faɗi a ma'aunin allonsa, Google kuma ya ce 48 a ma'auninsa na Android, kusan milimita 9 ke nan, faɗin kan yatsa. Maɓallin da aka fi amfani da shi ya zauna ƙasa, inda babban yatsa ke kaiwa ba tare da an sauya riƙo ba. Maɓallin gogewa kuwa ya yi nesa da na ajiyewa, kada su haɗa kafaɗa.

Jeri ba ƙaramin abu ba ne. A zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 2000, takardar ƙuri'a a yankin Palm Beach na jihar Florida ta jera sunayen 'yan takara hagu da dama, ramukan hudawa a tsakiya. Sunan Al Gore shi ne na biyu a hagu, amma raminsa na uku ne, na biyun na Pat Buchanan ne. Mutane da dama suka huda wa wanda ba su yi niyya ba, a jihar da aka raba gardama da ƙuri'u 537. Duk abubuwan da ke da alaƙa su kusanci juna har ido ya haɗa su da kansa: suna da adadin kuɗinsa a layi ɗaya, da isasshen fili tsakaninsu da layin da ke biye.

Game da launi, ƙa'idojin WCAG, waɗanda ake bi a duniya don sauƙaƙa wa masu lalura amfani da shafukan intanet, sun ce bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai 4.5 zuwa 1, manyan haruffa kuma 3 zuwa 1. Akwai shafukan intanet na kyauta da ke auna wannan. Amma ma'aunin da na fi yarda da shi shi ne ka fita da wayar tsakar rana a watan Afrilu, ka rage haskenta, ka gani ko za ka iya karanta adadin kuɗin. Rubutu mai ruwan toka a kan fari yana burgewa a ɗaki mai sanyi, a bakin kasuwa kuwa ɓacewa yake yi. Kada kuma launi kaɗai ya ɗauki saƙo. Akwai masu lalurar da ba sa rarrabe ja da kore, kuma ta fi yawa a maza. Idan ja na nufin ana bin mutum, rubuta “ana binsa” a gefe.

Mataki na biyar: harshe

A nan nake so mu daɗe, domin a nan ne manhajojin da ake yi wa Hausawa suka fi faɗuwa. Yawanci ana gama komai da Turanci, sannan a miƙa wa wani jerin kalmomi ya fassara ba tare da ya ga inda za su zauna ba. Sakamakon shi ne Hausar da Bahaushe ba ya ganewa. Ka rubuta kalmomin manhajar da Hausa tun farko, daga bakin mutanen da ka zauna da su. Idan sun ce “ya rage”, “ya cika”, “saura”, to su za ka saka. Idan kalmar aro ce ta zauna a bakinsu, kamar lamba, rasit ko asusu, kada ka tsiro da wata don nuna gwaninta.

Maɓalli ya faɗi aikin da zai yi. “Ajiye bashi” ya fi “To”. “Goge wannan suna” ya fi “Ci gaba”. Ka kuma bar wa maɓallai sarari, domin abin da Turanci ke faɗa da kalma ɗaya sau da yawa Hausa sai ta yi biyu ko uku.

Sai batun ka da ki. Turanci ba ya bambanta mace da namiji idan yana magana da mutum, Hausa tana bambantawa. Manhajar da ke ce wa Hajiya mai sayar da atamfa “ka shigar da lambarka” ta nuna ba a tuna da ita ba. Mafita biyu ce: ko ka yi amfani da “ku” na girmamawa, ko ka bi siga marar jinsi, “a shigar da lamba”, “shigar da lamba”. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai a ko'ina.

Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna da nasu rigimar. Ba kowane salon rubutu ke ɗauke da su ba, sai ka ga akwati ya fito a tsakiyar kalma, ko harafin ya sha bamban da 'yan uwansa. Noto Sans na Google da Andika suna da su. Gwada da kalmomi irin “karɓaɓɓe” ko “ɗanɗano” kafin ka amince da kowane salo. Wurin bincike kuma dole ya yi sassauci: wanda ya rubuta “Danladi” ya samu “Ɗanladi”, domin mafi yawan mutane ba sa lanƙwasa harafi a waya. Ka tuna a Nijar ana rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y. Idan manhajar za ta aika wa mai bashi saƙon tes na tunatarwa, ga wani abin lura: saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar harafi mai lanƙwasa ɗaya ya shiga, sai ya koma 70, kuɗin aikawa ya ninka. Ka san wannan kafin ka yanke shawarar yadda za ka rubuta saƙon.

Lissafin kuɗi ma ya bambanta daga gari zuwa gari. Ɗan kasuwa a Maraɗi ko Damagaram yana ƙirga da dala, kuma dala ɗaya tamma biyar ce ta sefa. Idan ya ce dala ashirin, abin da ke rubuce a jikin kuɗin 100 ne. Manhajar da za ta yi aiki a can sai ta fayyace da wane lissafi ake shigar da adadi, in ba haka ba kowane bashi zai iya ninkuwa biyar ko ya ragu biyar.

Alamomi kuma ba harshen kowa ba ne. Layukan nan uku da ke ɓoye jerin zaɓi, ko hoton tsohon faifan kwamfuta da ke nufin ajiyewa, ba su da ma'ana ga wanda bai taɓa ganin faifan ba. Kowace alama ta samu kalma a ƙarƙashinta. Ga waɗanda karatun boko bai zauna musu ba, ba su damar ɗaukar hoton mai bashi ko naɗar gajeren saƙon murya a madadin rubutu. In kuwa za ka saka ajami, ka sani shafin gaba ɗaya zai juya daga dama zuwa hagu, har da kibiyoyi.

Mataki na shida: wuraren cikewa

Kowane gurbi da ka ƙara, ka ƙara dalilin da mutum zai ajiye wayar ya ɗauki biro. Sabon bashi yana buƙatar suna da adadi. Kwanan wata manhaja ta saka da kanta. Lambar waya ta zama ganin dama. Imel kuwa babu ruwansa a nan.

Inda ake son adadi, madannin lambobi ya fito da kansa. Yayin da mutum ke rubutawa, waƙafi ya riƙa shiga, don ido ya bambanta 15,000 da 150,000. Lambar wayar Nijeriya guda 11 ce idan ta fara da sifili, wani kuma zai rubuto ta da +234, wani da tazara a tsakani. Karɓi duka, manhaja ta gyara da kanta. Idan akwai biyan kuɗi ta banki, lambar asusu guda 10 ce, kuma kada a bar mutum ya tura sai an nuna masa sunan mai asusun da manyan haruffa. Sunan gurbi ya zauna a samansa, kada ya zama rubutun da ke ɓacewa da zarar an fara cikewa, domin wanda aka katse da ciniki zai dawo ya rasa me ake tambayarsa.

Mataki na bakwai: allo ya faɗi gaskiya

Mu koma kan dattijon nan mai hatsi. Masana sun daɗe da auna haƙurin mutum a gaban na'ura, kuma Jakob Nielsen ya taƙaita shi a iyakoki uku. Abin da ya faru cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, mutum yana jin kamar nan take ne. Zuwa daƙiƙa ɗaya, tunaninsa bai katse ba. Bayan daƙiƙa goma, hankalinsa ya tafi wani wuri. Saboda haka da zarar an danna maɓalli, ya nuna alamar ya ji, ya kuma kulle kansa kada a sake dannawa. Idan jira zai yi tsawo, a faɗa da kalmomi: “Ana turawa, kada a sake dannawa.”

Abin da allo ya faɗa kuma ya zama abin da ya auku a zahiri. A watan Maris na 1979, a tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke jihar Pennsylvania, wata fitila a ɗakin sarrafawa ta sa ma'aikata suka ɗauka wani bawul ya rufe. Fitilar tana nuna an ba da umarnin rufewa ne kawai, bawul ɗin kuwa ya maƙale a buɗe, ruwan sanyaya injin yana ta zuba sama da sa'o'i biyu. Manhajar da ke cewa “an gama” alhali saƙo ya bar wayar ne kawai, irin wannan fitilar ce. Ka bambanta halaye uku a fili: an ajiye a waya, ana jiran sabis, an tabbatar. Inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, bashin ya fara zama a wayar, ya haura intanet daga baya da kansa.

Idan matsala ta faru, saƙon ya amsa tambayoyi uku: me ya faru, ina kuɗina ko bayanina, me zan yi yanzu. “Babu sabis. Bashin yana ajiye a wayarku, zai tafi idan sabis ya dawo.” Lambar kuskure da jan rubutu ba sa gaya wa kowa komai sai tsoro.

Kuskure kuwa dole a yi shi. Tambayar “kun tabbata?” idan ta yi yawa, yatsa yakan saba da danna “e” ba tare da ido ya karanta ba. Ya fi kyau a bar aikin ya wuce a ba da damar janyewa, kamar yadda Gmail ke ba da har daƙiƙa 30 a dawo da wasiƙar da aka aika. Bashin da aka goge ya zauna a wani wuri na wasu kwanaki kafin ya tafi gaba ɗaya. Tambayar tabbatarwa a ajiye ta ga abin da ba ya dawowa, kamar fitar kuɗi, kuma ta ambaci suna da adadi.

Littafin bashi sirrin mutane ne. Kada manhajar ta nemi izinin shiga lambobin waya ko hotuna sai a lokacin da ake buƙata, tare da faɗin dalili. Kada a ɓoye caji sai a shafin ƙarshe, kada a sa fita ta fi shiga wuya. Irin waɗannan dabaru na yaudara wani masanin UX mai suna Harry Brignull ya fara tattara su a 2010, kuma duk wanda ya gina kasuwancinsa a kansu, cin amanar mai amfani yake yi ko da doka ba ta kama shi ba.

Mataki na takwas: miƙa wa mutum biyar ka yi shiru

A shekarar 2000 Nielsen ya bayyana cewa gwaji da mutum biyar yakan fito da mafi yawan matsalolin da ke cikin tsari, kuma gara a yi ƙananan gwaje-gwaje sau uku da a yi babba sau ɗaya. Biyar ɗin su kasance masu shago na gaskiya, a cikinsu da mace, da dattijo, da wanda karatunsa bai yi nisa ba. Abokanka masu haɗa manhaja ba sa cikin lissafi.

A shagonsu za a yi, da wayarsu in zai yiwu. Ka fara da cewa, “Baba, manhajar muke gwadawa, ba ku ba. Duk inda ta ba ku wahala, ita ce ta gaza.” Sannan ka ba da aiki ba tare da ka ambaci sunan maɓalli ba: wani ya karɓi shinkafa ta dubu takwas, ya ba da dubu uku, a rubuta. Daga nan ka kama bakinka. Wannan shi ne mafi wuya, domin za ka ga yatsa yana yawo kusa da maɓallin, bakinka yana ƙaiƙayi. Idan ya tambaye ka, mayar masa da tambayar: “Ku a ganinku ina ne?” Rubuta inda ya tsaya, inda ya koma baya, da kalmar da ya furta yana nema, domin sau da yawa ita ce ya kamata ta hau maɓallin. Ka biya shi lokacinsa, ciniki ya bari ya saurare ka.

Matsalar da mutum biyu ko uku suka ci karo da ita, gyara ta kafin komai, ka sake gwadawa da wasu biyar. Bayan manhajar ta fita da wata guda, koma shagunan da ka fara zama. Leƙa ƙarƙashin kanta ka gani ko littafin yana nan, kuma ko akwai sabon rubutu a ciki. Idan akwai, roƙi maigidan ya nuna maka bashin ƙarshe da ya rubuta da biro, ka tambaye shi abin da ke faruwa a shagon a daidai lokacin. Amsarsa ita za ka rubuta a saman takardar zanenka na gaba.